Saigo Takamori: Jarumin Da Ya Kawo Canji A Japon, Canjin Ya Cinye Shi

Yau za mu yi tafiya mai nisa, can gabashin duniya, ƙasar Japon. Babu ɗan kasuwar da bai san kayan ƙasar nan ba: motocin Toyota da ke kai mu kasuwannin ƙauye, babura da injinan ban ruwa na Honda da Yamaha, har da farin ɗanɗanon miya na Ajinomoto da mata ke ƙullawa suna saidawa. Yaranmu kuma sun san mayaƙanta na da, waɗanda ake kira samurai, ta hanyar fim da wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta. Akwai fim ɗin The Last Samurai na 2003, akwai kuma wasan Total War: Shogun 2 na 2011 da ƙarinsa na 2012, inda mai wasa ke zaɓen ko ya riƙe mayaƙan takobi ko ya kashe kuɗi ya sayi bindigogi da igwa. A fim ana nuna mana masu takobi suna ruga ma masu bindiga har su ƙare. Mutumin da aka ari labarinsa aka yi fim ɗin shi ne Saigo Takamori, kuma tarihinsa na gaskiya ya fi shafar ƴan kasuwa fiye da yadda ake zato, domin cike yake da bashi da haraji da dillalai da kuɗin takarda.

Su wane ne samurai?

Tun daga 1603 gidan Tokugawa ke riƙe da mulkin Japon daga birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo. Shugaban wannan gida ana ce masa shogun, wato babban sarkin yaƙi. Sarkin ƙasar na asali yana zaune a Kiyoto, ana girmama shi, amma ba ya da iko. An raba ƙasar yankuna wajen 260, kowane yanki da uban ƙasarsa, kowane uban ƙasa da mayaƙansa na gado. Waɗannan su ne samurai. Su kaɗai ke da izinin rataya takubba biyu, kuma albashinsu shinkafa ce da ake karɓa daga hannun manoma a matsayin haraji.

A tsarin wancan zamani samurai ne a sama, sai manomi, sai mai sana'ar hannu, ɗan kasuwa kuwa shi ne a ƙasan kowa. To amma shinkafa ba ta sayen tufa da gishiri sai an maida ta kuɗi. Don haka samurai kan kai rabonsa wurin dillali, ya ci bashi a kan na baɗi, har ya zama mai takobi ne ke tsoron haɗuwa da mai awo. Yankin Satsuma, mahaifar Saigo, sai da bashinsa ya kai ryo miliyon 5, ryo kuwa shi ne kuɗin zinariyar lokacin. A shekarun 1830 wani babban ma'aikacin yankin mai suna Zusho ya tara attajiran da ke bin su, ya shaida masu cewa za a biya su cikin shekara 250, ba kuma ruwa. Ba su da yadda za su yi, haka suka haƙura.

Ita kuwa bindiga ba baƙuwa ba ce ga samurai. Tun 1543 fatake ƴan Fotugal suka sauka da ita a tsibirin Tanegashima, kudu da Satsuma, maƙeran ƙasar suka kwaikwaya. A 1575, a yaƙin Nagashino, ƴan bindigar Oda Nobunaga suka karya mayaƙan gidan Takeda. Daga baya ne aka rufe ƙasar ga Turawa, ban da mutanen Holan da aka keɓe ma wani ɗan tsibiri a Nagasaki. Aka yi sama da shekara 200 ba babban yaƙi, bindigogin Japon suka tsaya inda suke, na Turai suka yi gaba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Saigo ranar 23 ga Janairu 1828 a birnin Kagoshima, babban birnin Satsuma, a ƙarshen kudancin ƙasar. Shi ne babba cikin ƴaƴa bakwai. Mahaifinsa ƙaramin samurai ne, suna akwai, abin hannu babu, domin a Satsuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ɗan gidan samurai ne, rabon ba ya isa kowa. A unguwarsu ya tashi tare da wani yaro mai suna Okubo, wanda za mu sake haɗuwa da shi a gaba. Yana yaro aka ji masa rauni a hannun dama wurin faɗa, abin da ya hana shi ƙwarewa a takobi, sai ya maida hankali ga karatu. Da ya girma ya zama ƙaton mutum, tsawonsa wajen mita ɗaya da santimita 80, nauyinsa ya haura kilo 100.

Yana ɗan shekara 16 ya kama aiki a matsayin ƙaramin magatakarda a ma'aikatar da ke kula da lanhon manoma. Shekara goma ya yi yana yawon ƙauyuka, yana ganin yadda ake kwashe amfanin gona a bar talaka da ƙaiƙayi. A 1852 kakansa da mahaifinsa da mahaifiyarsa suka rasu cikin shekara guda, nauyin ƙannensa da bashin gida suka dawo kansa. Takardun da yake rubutawa a kan halin manoma su suka kai sunansa kunnen uban ƙasar Satsuma, Shimazu Nariyakira.

Baƙin jirage da ubangida mai hangen nesa

A 1853 wani hafsan Amurka mai suna Perry ya shigo mashigin Edo da jiragen yaƙi huɗu, ya nemi a buɗe ƙasar ga fatauci. Shogun ya duba igwoyinsu, ya duba nasa, a 1854 ya sa hannu. Mutane suka gane cewa sarkin yaƙin da ke cin harajinsu ba zai iya kare su ba.

Nariyakira yana cikin masu ganin cewa mafita ita ce a koyi sana'ar Bature. Ya gina masana'antu a bakin Kagoshima, ana narka ƙarfe, ana zuba igwa, ana yin gilashi, ana gwada ƙera jirgin ruwa mai tururi. A 1854 ya tafi da Saigo Edo, ya ba shi aikin kula da lambu, wanda dabara ce kawai ta yadda zai riƙa ganawa da shi yana aiken shi a asirce. A nan ɗan ƙauye ya san manyan ƙasa, ya koyi siyasa.

A 1858 Nariyakira ya rasu farat ɗaya. A daidai lokacin gwamnatin shogun ta shiga kamen ƴan adawa, cikinsu har da wani malamin addinin Buda, abokin Saigo, mai suna Gessho. Saigo ya gudo da shi Satsuma, sababbin masu mulki suka ƙi ba shi mafaka. Baƙin ciki ya sa su biyun suka faɗa teku daga cikin kwalekwale. Wannan aiki ne da addininmu ya haramta, su kuwa a al'adarsu ta lokacin suna ɗaukar shi wanke kunya. Gessho ya mutu, aka tsamo Saigo da rai. Hukumar Satsuma ta shaida ma shogun cewa ya mutu, ta canza masa suna, ta ɓoye shi a tsibirin Amami.

Zaman tsibirin mazarƙwaila

Amami ita ce saniyar tatsar Satsuma. An tilasta ma mutanen tsibirin noman rake, su dafa shi ya zama mazarƙwaila, su miƙa ma hukuma duka. Wanda aka kama yana saidawa a ɓoye, hukuncinsa na iya kai ga kisa. An hana yawon kuɗi a tsibirin, sai dai musaya da kaya a kan farashin da hukuma ta yanke, sannan a kai mazarƙwailar kasuwar Osaka a ci riba ninki-ba-ninki. Da irin wannan riba Satsuma ta fita daga talauci ta sayi makamai. Saigo ya ga abin da idonsa, ya kuma tsoma baki don a sassauta ma manoman da aka tsare. Ya auri ƴar tsibirin mai suna Aikana, suka haifi namiji da mace, amma doka ba ta yarda ya tafi da ita Kagoshima ba.

A 1862 aka dawo da shi, bai daɗe ba ya saɓa da Hisamitsu, ɗan'uwan marigayi ubangidansa, wanda ke riƙe da ragamar yankin. Wannan karon kora ce ta gaske. Aka kai shi tsibirin Okinoerabu, aka kulle shi a wani keji da iska da ruwa ke shiga, har ya rame, sai wani ma'aikacin wurin ya tausaya masa ya maida shi cikin ɗaki. Ya riƙa koyar da yara karatu, ya kuma ba mutanen tsibirin shawarar su kafa rumbun tsimi na jama'a, a tara a shekarar yalwa a ci a shekarar yunwa.

Dillalan bindiga da faɗuwar shogun

Yana can tsare, a 1863 jiragen yaƙin Ingila bakwai suka yi ma Kagoshima ruwan wuta saboda kisan wani ɗan kasuwarsu, wani sashe na birnin ya ƙone. Mutanen Satsuma suka ɗauki darasi. Suka biya diyya da kuɗin da suka ranta wurin shogun, suka ƙulla abota da Ingila, a 1865 kuma suka tura matasa karatu can a ɓoye.

A 1864 aka kira Saigo aka ba shi jagorancin sojojin Satsuma a Kiyoto. Da farko ya yaƙi yankin Coshu, masu adawa da shogun, daga baya ya gane cewa abin da suke nema ɗaya ne. Wanda ya haɗa su wani samurai ne jikan ƴan kasuwa, Sakamoto Riyoma, mai kamfanin fatauci a Nagasaki. Shogun ya hana a sayar ma Coshu makamai, sai Riyoma ya shirya aka sayo masu bindigogi sama da 7,000 da sunan Satsuma daga hannun Glover, wani falke ɗan Sikotilan. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, ragowar bindigoginsa sun cika kasuwannin Asiya. A 1866 yankunan biyu suka ƙulla alkawari. Shi ma shogun bai zauna ba, a 1867 ya ɗauko hafsoshin Faransa su horar masa da soja.

A farkon Janairu 1868 aka yi shelar cewa mulki ya koma hannun Sarki Meiji, yaro ɗan shekara 15. Ranar 27 ga watan aka gwabza a Toba da Fushimi, kudu da Kiyoto. Mutanen shogun wajen 15,000 ne, na Satsuma da Coshu wajen 5,000, amma ƙalilan ɗin suka yi nasara. Saigo ya ja runduna har ƙofar Edo, birni mai mutum kusan miliyon guda. An riga an sa ranar farmaki, sai ya zauna da wakilin shogun, Katsu Kaishu, suka daidaita aka miƙa fadar ba a zubar da jini ba. Gidaje da shaguna da rumfunan kasuwa suka tsira daga wuta. A ganinmu wannan ne aiki mafi girma da ya yi a rayuwarsa. Yaƙin ya ci gaba a arewa har 1869, ya kuma ci ƙanensa Kicijiro.

Soja na kowa da kowa

Sabuwar gwamnati ta samu mulki, amma ba ta da soja nata ba ta da asusu nata, domin kowane uban ƙasa na riƙe da mayaƙansa da harajinsa. A 1871 aka roƙi Saigo, wanda ya riga ya koma gida, ya zo Tokiyo da dakaru. Da ƙarfin dubban sojojin da aka tara daga Satsuma da Coshu da Tosa, a watan Agusta aka soke yankunan gado gaba ɗaya, aka maida su jihohi masu gwamnonin naɗi. Ba don kwarjinin Saigo ba da wuya abin ya wuce lami lafiya.

Daga nan Okubo da wasu manya suka tafi zagayen Amurka da Turai kusan shekara biyu, suka bar Saigo cikin masu riƙon ƙwarya. A wannan tsakani aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta farko, kilomita 29 tsakanin Tokiyo da Yokohama, aka kafa tsarin lakwal na kowa, aka maida harajin gona ya zama na kuɗi, kashi 3 cikin 100 na darajar fili. A Janairu 1873 kuma aka kafa dokar aikin soja na tilas, wadda Yamagata Aritomo ya tsara bayan ya ga yadda ake yi a Turai. Duk namijin da ya kai shekara 20, ɗan manomi ne ko ɗan mai shago, ana iya ɗaukar shi aikin shekara uku. Mai hali na iya fansar kansa da yen 270. Manoma suka yi bore a wurare da dama saboda ana ɗauke masu ƙarfin gona. Samurai kuwa suka ji an taɓa gadonsu, domin idan ɗan mai saida kifi zai riƙe bindigar gwamnati, me ya rage da za a ciyar da su saboda shi?

Saigo bai hana dokar ba. Ya ma kare Yamagata lokacin da wani ɗan kwangilar soja ya ranci kuɗin ma'aikatar ya hallaka su a cinikin siliki. A 1873 shi ne babban janar na ƙasar. Sai dai zuciyarsa na tare da ƙananan samurai, waɗanda suka zubar da jini aka kafa gwamnatin, yanzu kuma ana shirin sallamar su. Yana zaman sauƙi, yana ƙyamar ministocin da suka shiga gina manyan gidaje da cuɗanya da attajirai. Amma ba za mu ɓoye ba, shi ɗin da ya tausaya ma manoman rake, da ya samu iko ya goyi bayan kafa kamfanin da ya ci gaba da riƙe cinikin mazarƙwailar tsibiran, don a samu abin tallafa ma samurai.

Rabuwa da aminai

A 1873 rigima ta tashi a kan Koriya, wadda ta ƙi amincewa da sabuwar gwamnatin Japon. Saigo ya nemi a tura shi jakada, yana sane da cewa idan aka kashe shi a can an samu dalilin yaƙi. Okubo ya dawo daga Turai da yaƙinin cewa ƙasar ba ta da kuɗin yaƙi, masana'antu take buƙata. Ya yi ƙulle-ƙullensa aka soke tafiyar. A watan Oktoba Saigo ya ajiye aiki ya koma Kagoshima, ɗaruruwan hafsoshi suka bi shi. Ya koma noma da farauta da karnukansa. A 1874 aka buɗe makarantu da sunansa, inda matasan samurai ke koyon karatu da harbin bindiga da igwa.

A 1876 gwamnati ta yi abu biyu. Ta hana yawo da takobi ga duk wanda ba soja ko ɗan sanda ba, ta kuma soke albashin gado, wanda ke lashe kusan sulusin kuɗin da take kashewa. Aka ba kowa takardun bashi a madadinsa. Manyan iyayen ƙasa suka zuba nasu a banki suka ƙara arziki. Ƙaramin samurai kuwa ribar takardarsa ba ta isa cefane, sai ya saida ta ya buɗe shagon shayi ko na alewa. Mutumin da ya saba a rusuna masa bai iya rusuna ma mai saye ba, bai san sari ba, bai san bin bashi ba, jarin ya narke. Har yau a harshen Japon, idan wanda bai iya ba ya shiga ciniki ya karye, sai a ce ya yi kasuwanci irin na samurai. Bore ya ɓarke a wurare uku cikin wannan shekara, aka murƙushe su. Idon kowa ya koma kan Kagoshima.

Yaƙin 1877

A ƙarshen Janairu 1877 gwamnati ta turo jirgi ya kwashe albarushi da harsasan da ke ajiye a Kagoshima. Ɗaliban makarantun suka fasa rumbunan makaman suka kwashe. Suka kuma kama wasu ƴan sandan da aka turo daga Tokiyo, suka azabtar da su har aka samu ikirarin cewa an zo kashe Saigo ne. Shi yana can wurin farauta. Da labari ya iske shi ya fusata, amma ya ƙi miƙa yaran ga hukuma. Ranar 15 ga Fabrairu, cikin dusar ƙanƙara, rundunarsa ta mutum wajen 13,000 ta fara fita, da sunan za su Tokiyo su tuhumi gwamnati. Kowa da bindigarsa da takobinsa, suna kuma jan igwoyi.

Ba su yi nisa ba suka ci karo da ganuwar Kumamoto, inda janar Tani ke tsare da mutum ƙasa da 4,000, da yawansu ƴaƴan manoman nan da samurai ke rainawa. Sama da kwana 50 aka yi ana kewaye da su, ba su miƙa wuya ba. A tudun Tabaruzaka aka shafe kwana 17 ana ɓarin wuta cikin ruwan sama. Yawancin bindigogin ƴan tawaye ta baki ake ɗura su, albarushi ya jiƙe su ƙi tashi, na gwamnati kuwa ta baya ake sa masu harsashi. Idan harsashi ya ƙare ne ƴan tawaye ke zare takobi. Ita ma gwamnati sai ta zaɓo ƴan sanda tsofaffin samurai ta kafa rundunar takobi ta tare su.

Abin da ya yanke hukunci yana bayan fage. Gwamnati na da wayar tangaraho da ke kai labari Tokiyo a rana guda, tana da masana'antar harsashi a Osaka, tana da jiragen ruwa da suka sauke dakaru a bayan ƴan tawaye suka kuma kama Kagoshima, tana da haraji daga ƙasa duka. Ta tara mutum sama da 60,000. Saigo ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan, har mutanensa suka koma narka kayan ƙarfen gida suna yin harsashi. Yaƙin ya raba gidansa biyu: ƙanensa Tsugumici da ɗan'uwansa Oyama suna ɓangaren gwamnati, autansu Kohei ya mutu a nasa ɓangaren, ɗansa Kikujiro, wanda Aikana ta haifa, ya rasa ƙafa.

A watan Agusta ya sallami rundunar, ya ƙone kakinsa na janar, ya saki karnukansa. Da ƴan ɗaruruwan da suka ƙi barin shi ya keta duwatsu ya koma Kagoshima, suka fake a kogunan dutsen Shiroyama. Yamagata, wanda ya taɓa karewa, ya kewaye su da soja 30,000. Da asubar 24 ga Satumba aka yi farmaki. Harsashi ya same shi a ƙugu, abokinsa Beppu ya sare masa kai don kada a kama shi da rai. Yana da shekara 49. Mutum sama da 13,000 suka mutu a ɓangarorin biyu.

Wa ya biya kuɗin?

Nan ne labarin ya iso rumfar kasuwa. Da kuɗi suka ƙare ma ƴan tawaye a yankin Miyazaki, sai suka buga nasu kuɗin da ƙyalle da takarda, suka tilasta ma ƴan kasuwa da manoma su karɓa su ba da shinkafa da kaya. Da aka ci su da yaƙi gwamnati ta ƙi canza ko ɗaya. Wanda ya ba da buhunansa ya tashi da tsumma a hannu.

Ita ma gwamnati yaƙin ya ci mata yen miliyon 42, kusan harajin shekara guda. Ta ranci miliyon 15 daga bankin da tsofaffin iyayen ƙasa suka kafa, sauran ta buga takarda. Kuɗi ya yi yawa, kaya suka yi tsada, farashin shinkafa ya kusa ninkawa zuwa 1881. A shekarar ministan kuɗi Matsukata ya shiga janye takardun, aka kafa babban bankin ƙasa a 1882. Sai farashin shinkafa da siliki ya faɗi warwas, alhali harajin gona na kuɗi yana nan yadda yake. Manoma da yawa suka saida gonakinsu suka koma ƴan haya, a 1884 masu kiwon tsutsar siliki na Cicibu suka yi bore saboda bashi.

Akwai kuma wanda kakarsa ta yanke saƙa. Iwasaki Yataro, mai kamfanin jiragen ruwa, shi ya yi jigilar sojoji da kayansu, ya ƙaro jirage da tallafin gwamnati, ya fito daga yaƙin yana riƙe da mafi yawan manyan jiragen ƙasar. Sunan kamfanin Mitsubishi, sunan da muke gani a goshin motocin Kanta masu ɗaukar kayanmu.

Bayan mutuwarsa

Okubo bai daɗe a bayansa ba, ranar 14 ga Mayu 1878 wasu samurai suka tare keken dokinsa a Tokiyo suka kashe shi. Talakawa kuwa ba su daina son Saigo ba. A shekarar yaƙin tauraron Mirriku ya matso kusa da duniya yana haske ja, aka riƙa cewa an hango shi a ciki, masu buga hotuna suka yi ciniki. A 1889 Sarki ya yafe masa, a 1898 aka kafa mutum-mutuminsa a lambun Ueno na Tokiyo, sanye da rigar gida yana jan kare. Bai bar hoto ko ɗaya ba, zanen da aka fi sani wani Ba'italiye ne ya haɗa shi daga fuskokin ƙanensa da ɗan'uwansa. Ƙungiyar da aka kafa don jinyar raunanan ɓangarorin biyu ita ta zama Kuros Ruj ta Japon a 1887. Ɗansa mai ƙafa ɗaya ya zama magajin garin Kiyoto.

Daga kansa samurai ba su sake ɗaga makami a kan gwamnati ba. Sojan ƴaƴan manoma ya ci Sin a 1895, ya ci Rasha a 1905, aka haɗiye Koriya a 1910, aka ci gaba da mamayar maƙwabta da zalunci har ƙasar ta durƙushe a 1945 bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Arzikin da muke gani yau a kayan Japon an gina shi ne bayan ta ajiye yaƙi ta kama masana'anta da fatauci.

Idan yaranmu suka zauna gaban wasan nan, suna danna maɓalli su maida mai takobi mai bindiga, wanda ya sha kashi sai ya sake daga farko. Mu gaya masu cewa mai shagon Miyazaki bai samu wannan dama ba. Saigo mutum ne mai amana, bai tara dukiya ba, ya taɓa ceton birni guda daga wuta. Amma da canjin da ya kawo ya iso kan tukunyar mutanensa, ya kasa ce masu a'a, ya bi su zuwa yaƙin da ba su da asusun yin sa, aka bar masu awo da manoma da biyan bashin shekara da shekaru. Duk ranar da muka ji manya na kaɗa gangar faɗa, mu da ke zaune a rumfa ya kamata mu fara tambayar aljihun wa za a taɓa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu.